Shekarar da Na Mayar da Babanku Shafi Ɗaya

Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai kun tayar da labarin takardar neman aikin babanku. Wannan ya ce shafi bakwai ce, wancan ya ce ina, goma ce har da hoton aikin hajji, ku yi ta ƙyaƙyata dariya har jikokin da ba su san shi ba su taya ku. Daga ƙarshe a rufe taro da cewa ai Mama ce ta samar masa aiki. Ni ma nakan dara, ba zan yi ƙarya ba, don abin akwai ban dariya. Amma yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni wuri ɗaya, ido kuma ya fara yi mini rowa, na ga gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iyawa. Shafi bakwai ne, ba goma ba. Hoton kuma ba na hajji ba ne, na ranar da aka ba shi kyautar agogon bango ne a wurin aiki. Akwai kuma wani yanki na labarin da ban taɓa gaya muku ba, saboda laifina ya fi yawa a cikinsa.

A shekarar muna zaune a Bwari, gefen Abuja, gidan haya mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Ina da ɗan shagona na buga takardu a bakin titi: kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, da wani injin fotokofi da sai an ɗan mare shi a gefe yake tashi. Ɗalibai masu karatun lauya su ne manyan abokan cinikina, suna son hannuna don ba na kuskuren harafi. Tun a Zariya na koyi aikin a kan tafireta, lokacin da kuskure ɗaya yake sa ka sake shafi gaba ɗaya, shi ya sa har yau ba na haƙuri da rubutun da aka yi shi sakaka. Babanku kuwa shekararsa goma sha tara a wani kamfanin gine-gine, shi ke kula da janareta da famfunan ruwa. Wata Litinin ya tafi aiki da kwanon abincinsa, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Kamfani ya naɗe tabarmarsa. Ya dawo kafin azahar, ya ajiye kwanon a kicin ko buɗe shi bai yi ba.

Wata takwas ya yi a zaune. Ku ba ku lura ba, kuna ta makarantarku, amma ni na ga abin da zaman ya yi masa. Kullum bayan sallar asuba sai ya sa rigar aikinsa, ya jawo akwatin kayan aiki zuwa tsakar gida, ya fito da sifanu ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da tsumma, alhali ba abin da ya taɓa su tun jiya. Maƙwabta suna kawo ƙananan janaretocinsu ya gyara, in an tambaye shi nawa ne sai ya ce a bar shi kawai, kunyar faɗin farashi yake. Ya kai takardar neman aiki wurare da yawa a cikin gari, ko mutum ɗaya bai kira shi ba. Ana nan sai yayansa da ke noma a Yangoji ya aiko cewa gona tana nan, ɗaki yana nan, ya kwaso iyali ya taho. Babanku ya yanke magana: in Babbar Sallah ta wuce bai sami aiki ba, mu tattara. Babbar yayarku Safiya tana shekarar ƙarshe a sakandare, saura 'yan watanni jarrabawa. Ni kuma shagona ba ya shiga buhu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na san mutumin nan, in ya ajiye sifana ya ɗauki fartanya yana ɗan shekara arba'in da takwas, jikinsa zai je gona amma ba zan ƙara ganin mijin da na aura ba.

Abin mamaki, duk tsawon watannin nan ban taɓa ganin takardar da yake kaiwa ba, wadda ake kira si-bi. Matarsa tana da shagon buga takardu, amma sai ya hau mota har cikin gari ya ba wani ya buga masa. Wai kunya, kada in ga yana yabon kansa. Ranar da na gan ta, wanki zan yi, na tarar da kwafi a naɗe cikin aljihun babbar rigarsa. Na zauna a kan turmi na karanta, na rasa dariya zan yi ko kuka. Da Turanci aka rubuta, amma Hausa ce tsantsa ta sa rigar Turanci. Shafin farko gaisuwa ce: ya gaida manaja, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi fatan alheri ga kamfani da duk ma'aikatansa. Daga nan sunan ƙauyensu, sunan mahaifinsa, sunan kakansa, firamaren da ya yi da sunan hedimasta. Shafi na uku da na huɗu duk labarin ubangidansa ne da ya koya masa kanikanci. Komai da manyan baƙaƙe, layi a kan layi ba wurin shan iska, mai bugawar kuma ya zagaye kowane shafi da furanni kamar katin ɗaurin aure. Aikin shekara goma sha tara sai a gindin shafi na shida, layi biyu, inda ya ce da taimakon Allah ya ɗan taɓa abin da ya sawwaƙa a ɓangaren injuna. Lambar wayarsa tana shafi na bakwai, bayan addu'ar rufewa.

Ku 'yan Abuja ne, bari in tuna muku abin da ba ku taso kun gani ba, don kada ku ɗauka babanku wauta ce ta sa shi. A gida, in mutum ya zo maka da buƙata, ba ya faɗinta daga shigowa. Sai ya gaisa, a kawo ruwa ya sha, a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, a yi zancen damina da tsadar taki. Sai ya ce zai tafi. Maigida ya tashi ya raka shi. Sai an kai bakin hanya, har an yi sallama, sannan zai juyo ya ce af, ya kusa mantawa, dama wata 'yar magana ce ta kawo shi. Wannan ita ce tarbiyyar da aka yi wa babanku, kuma tarbiyya ce mai kyau. Haka ya rubuta takardarsa, ya ajiye maganar da ta kawo shi sai wurin rakiya. Bai san cewa masu ɗaukar aiki ba sa raka kowa ba.

Maƙwabciyarmu Rifkatu, kun tuna ta, 'yar Kudancin Kaduna mai kawo mana shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, tana aiki a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani asibitin kuɗi a cikin gari. Hausarta irin ta nan ce, namiji da mace duk inda suka faɗa. Da yamma na leƙa ɗakinta da takardar a ƙarƙashin mayafi. Ta karanta shafin farko ta yi dariya har da hawaye, ta kai na shida sai dariyar ta tsaya. Ta ce asibitinsu ma yana neman mai kula da janareta, ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu.

"Maman Safiya, mijinki ta iya aiki, kowa a layin nan ya sani," in ji ta. "Amma wannan takarda, madam ɗina ba zai kai shafi biyu ba."

Ta ba ni labarin yadda ake yi a ofishinsu. Takardu sukan taru har su kai mata haɓa. Madam ɗin tana riƙe da waya a kunne, tana ɗaukar takarda da hannu ɗaya, ta dubi rabin shafin farko na sama, ta ajiye ta dama ko hagu. Na dama kaɗan ne, su ake kira. Ta ce kada in sa ran za ta sa baki, matar ta tsani a ce mata wane ɗan'uwan wane ne, sa bakin ma ɓata mana zai yi. Abin da za ta iya ba ni shawara ce. Shafi ɗaya. Suna a sama da girma, lambar waya a ƙarƙashinsa. Aikin da ya yi na ƙarshe shi ne farko, makaranta ta koma ƙasa. Gajerun layuka, kowanne da ɗigo a gabansa, kowanne ya faɗi abu ɗaya da ya yi da hannunsa. Ba hoto, ba fure, ba yawan 'ya'ya. Kuma a bar fili fari tsakanin sassan, don ido ma yana son wurin hutawa. Wannan magana ta ƙarshe ta yi mini daɗi ƙwarai, na riƙe ta fiye da yadda ya kamata.

Washegari na rufe shago da rana tsaka, na ce wa ɗaliban lauya firinta ta lalace. Abu na farko da ya tare ni shi ne sunansa. Shekara ashirin da ɗaya da aure ban taɓa kiran sunan babanku ba, Malam nake cewa, shi kuma ya ce mini Maman yara, in yana jin tsokana ya ce Hajiyar kwamfuta. Na buga sunayen mutane ba adadi a shagon nan, amma ranar sai da yatsuna suka yi jim a kan madannai. Na waiga, ba kowa. Na buga shi, na ƙara masa girma, na yi masa kauri, na sa shi a tsakiya. Wallahi sai na ji kamar na kwarara masa kira a tsakiyar kasuwa. Sauran bai ba ni wahala ba, don duk abin da ya ƙi faɗa a takarda ni na sha jinsa a kan tabarmar cin abinci. Na rubuta cewa ya kula da manyan janareta huɗu. Na rubuta famfunan ruwan gidajen ma'aikata. Na rubuta cewa shi ke horar da sababbin ɗauka. Shekarun na jera su a gefen dama, kai ɗaya, kamar an sa zare. Kanun sassan na yi musu kauri, sauran duk harafi iri ɗaya. Da na zo kan shafi biyun ubangidansa, sai na mayar da su layi ɗaya: koyon kanikanci, Uke, shekara shida. Ban sa suna ba. A ƙasan shafin fili ya rage fari tas, faɗin yatsa huɗu, na zauna ina kallonsa ina jin daɗin kaina.

Dole in gaya muku wane ne wannan ubangida, don sunansa kawai kuka sani, shi ma sama-sama. Oga Yohanna mutumin Filato ne, yana da garejin gyaran injuna a bakin titi a Uke. Babanku ya je wurinsa yana ɗan shekara goma sha biyar, bai san bambancin sifana da filaya ba. Mutumin ya karɓe shi ba tare da ya san kowa nasa ba, ya ba shi ɗaki a gidansa, suna ci kwano ɗaya. Shi Kirista ne, amma shi ya sayo wa babanku buta da darduma, in lokacin salla ya yi ko ana tsakiyar aiki sai ya ƙwace sifanar daga hannunsa ya ce je ka. Shi ya koya masa sauraren inji, ya san ciwonsa daga ƙararsa tun kafin a kwance shi. Ya rasu shekara biyu kafin wannan zancen, bai bar ɗa ba, garejin ma an rushe an yi shaguna. Duk wannan na sani sarai lokacin da nake goge sunansa.

Ranar Talata bayan la'asar na miƙa wa babanku takardar a tsakar gida. Ya karɓa ya duba, ya juya bayanta yana neman sauran. Ya tambaye ni ina gaisuwar, na ce manaja ba ya amsa gaisuwar takarda. Ya ce wannan suna da na buga ƙato haka ai sai allon shagon aski, na ce to gara a gan shi daga nesa. Ya karanta layukan janareta, ya ce wannan ai cika baki ne, na ce ya nuna mini layi ɗaya da yake ƙarya. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, na ce a raina na ci nasara. Sai yatsansa ya sauka ƙasa ya tsaya a kan layin Uke.

"Ina Oga Yohanna?"

Na ce ba wuri. Ya ɗora yatsa a kan farin filin nan na ƙasa ya dube ni. Na ce wannan na hutun ido ne.

"Maman yara," ya ce a hankali, "mutumin nan ya rasu, bai bar kowa ba. Ba inda sunansa zai ƙara fitowa a duniya sai a takardata."

Ga abin da na ce masa, kuma shi ne abin da ban taɓa gaya muku ba. Na ce, "Aiki za ka nema, Malam, ba ta'aziyya za ka je ba."

Kun san bakina, yakan riga hankalina fita. Tsoro ne ya cika ni, sallah saura mako uku, ina ganin buhunan kaya da motar Yangoji a idona. Amma tsoro ba hujja ba ne. Suna ne, kalma biyu. Da na ƙara su a layin nan ba abin da zai sami shafin, madam ɗin ma ba za ta lura ba. Gaskiyar magana ita ce na ƙawata shafina, ba na son kowa ya taɓa mini shi, ko da mai shi ne. Babanku ya ninke tsummansa, ya rufe akwatin kayan aiki, ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba. Kwana biyu yana cin abincina bai ce gishiri ya yi yawa ba. Mutumin da kullum sai ya yi ƙorafin gishiri don ya ji na mayar masa. Wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo, amma girman kai ya hana ni komawa shago in gyara.

Ranar Juma'a da safe na ajiye takardun biyu a kan gado, mai shafi bakwai da mai shafi ɗaya, da ambulan sabo a gefe, na fita shara. Na ji ya ce wa ɗayanku ya miƙo masa biro, na ɗauka adireshi zai rubuta. Ya ɗan jima a ɗaki. Ya fito da ambulan a manne, ya ce sai ya dawo, na ce a dawo lafiya. Yana fita na jefar da tsintsiya na shiga ɗakin. Mai shafi bakwai tana nan a kan gado, ya daidaita gefunanta ya ɗora filo a kai. Tawa ya ɗauka. Na yi zaton zan ji daɗi, sai na sami kaina zaune a bakin gado ina share ido da gefen zani.

Saura kwana goma sallah aka kira shi intabiyu. Rifkatu ta ce tana kallo madam ta ɗauki takardar, ta duba, ta ajiye ta dama, ita kuwa ta yi kamar ba ta taɓa jin sunan ba. A wurin intabiyun ma, in ji ta, sai da ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da tambayar gajiya. Daga nan suka kai shi ɗakin janareta, ya tsaya ya saurara, ya gaya musu abin da ke damun na biyun. Don haka in kun ce ni na samar masa aiki, kun zalunce shi. Takardata ta sa an kira shi, amma kunnen da Oga Yohanna ya horar shi ya sa aka ɗauke shi. Ba mu tafi Yangoji ba. Yayarku ta rubuta jarrabawarta. Gishiri ya dawo yana yin yawa a miya. Ya yi shekara goma sha biyu a asibitin nan, ni kuma na yi suna a Bwari wajen gyaran si-bi, har matasa suna ce mini Mama Shafi Ɗaya. Maganar Talatar nan kuwa ba mu ƙara tayar da ita ba, ni da shi, har ya koma ga Allah. Na sha niyyar ba shi haƙuri, kullum sai in ce gobe.

Saboda haka in kun taru kuna labarin shafi bakwai, ku yi dariyarku, shi ma da yana nan zai yi. Amma ku ambaci Oga Yohanna na Uke, ku gaya wa yaranku wane ne shi. In kuma ɗayanku zai rubuta takardar neman aiki, har gobe shafi ɗaya zan ce, suna a sama, aikin ƙarshe a farko, a bar wa ido wurin hutawa. Ban canza ra'ayi a kan wannan ba. A kan kalma biyun nan ne na yi kuskure.

Bayan na fita takaba, asibitin suka kira ni in je in sa hannu a wasu takardu. Rifkatu ta daɗe da yin ritaya, wata yarinya ce a teburin. Ta buɗe fayil ɗinsa, abu na farko a ciki shi ne shafina. Ya yi ja-ja, an huda gefensa, sunan nan ƙato yana nan a sama. Na roƙe ta ta bar ni in riƙe. Mai buga takarda ba ta riƙe takarda ba ta juya bayanta ba, hannu ne ya saba. Na juya. Rubutunsa ne da shuɗin biro, da Hausa, layukan sun ɗan karkata ƙasa kamar yadda ya saba.

"Bayan gaisuwa mai yawa. Ko da ba a tambaya ba, ga waɗanda suka koya mini. Mahaifina, ya koya mini tashi da wuri. Oga Yohanna na Uke, ya ciyar da ni shekara shida, ya koya mini duk abin da ke gaban takardar nan. Binta, matata, ita ta buga wannan. Tana da gaskiya, sai dai bakinta da kaifi."

A safiyar da ba ya yi mini magana ya rubuta wannan. Shekara talatin da uku muna tare ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ashe yana nan kwance a fayil ɗin mutane. Na tambayi yarinyar ko wani ya taɓa karantawa, ta ce Mama, wa ke duba bayan si-bi? Ya bi tsarina a gaba, maganar da ta kawo shi kuwa sai da ya ajiye ta wurin rakiya.

Na ce mata ta taimaka ta yi mini fotokofi. Ta karɓa ta nufi injin, ta waiwayo ta tambaye ni ko gaban kawai nake so.

Na ce gaba da baya.